Mabuɗin Da Ba A Faɗa Da Baki

Jama'a, yau karatunmu a kan kulle ƙofa ne. Kowa ya san mai shago ba ya tafiya gida da almuru sai ya sa kwado, ya ja shi sau biyu ya tabbata ya kama. Haka uwargida ba ta barin mabuɗin akwatinta a tsakar gida, a bakin zane take ɗaure shi. To, a zamanin nan wani kashi babba na dukiyar mutum ya koma cikin waya. Kuɗinsa na banki yana ciki, saƙonnin abokan cinikinsa suna ciki, da hotunan iyalinsa. Har mutuncinsa ma yana ciki, gama duk wanda ya shiga WhatsApp ɗinka, da sunanka zai yi magana.

A ce kai dillalin hatsi ne a kasuwar Dawanau. Ana cikin hada-hada sai waya ta yi ƙara. Wani mai murya mai daɗi ya yi maka sallama, ya ambaci sunanka, ya ce daga ƙungiyarku ta 'yan kasuwa yake. Ya ce za a yi taro ta waya da dare, an aiko maka da lamba ta shiga taron, ka karanto masa ya rubuta sunanka. Ka duba, ga lamba kuwa ta shigo. Ka karanta masa. Kafin la'asar WhatsApp ya rufe a wayarka, ya buɗe a tasa. Kafin magariba ya aika wa ƙanenka da surukinka da abokan cinikinka na Maraɗi cewa kana asibiti, a taimaka da kuɗi. Irin wannan ya sha faruwa a garuruwanmu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwado ba. Mai gida ne ya miƙa mabuɗi da bakinsa.

Saboda haka masana suka daɗe suna neman wani irin mabuɗi wanda ba a faɗarsa, ba a rubuta shi, ba a kuma aika shi ko'ina. Sun samu, har ya shigo wayoyin da ke hannunmu. Amma kafin mu san sabo, bari mu duba tsohon.

Asalin kalmar sirri

Kalmar sirri ita ce waɗansu ke ce wa fasawod. Haruffa ne da lambobi waɗanda mutum ke rubutawa don a tabbata shi ne mai asusu. An fara aiki da ita a kwamfuta a shekarar 1961, a wata babbar makaranta ta Amurka da ake kira MIT. Mutane da yawa ne ke aiki da kwamfuta guda a can, sai wani malami mai suna Fernando Corbató da mutanensa suka ba kowa kalma tasa, don kada wani ya taɓa aikin wani.

Ba a yi nisa ba aka ga aibinta. A 1962 wani ɗalibi da aka ba awa 4 kurum a mako ya ga lokacin bai ishe shi ba. Sai ya sa injin ya buga masa takardar da ke ɗauke da kalmomin kowa da kowa, ya riƙa shiga da sunan waɗansu. Ka ga ke nan, satar kalmar sirri kusan sa'ar kalmar sirri ce.

Aibin kuwa a fili yake. Kalmar sirri asiri ce ta tsakanin mutum biyu, kai da kamfanin da ka buɗe asusu a wurinsa. Duk ran da za ka shiga, tilas ka faɗa. Abin da ake faɗa kuwa ana iya jinsa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Hanyoyi uku da ɓarawo ke bi

Ta fari ita ce cinta. Galibin mutane suna zaɓen kalma mai sauƙin tunawa, kamar sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya. A 2009 aka fasa wani kamfani na Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri wajen miliyan 32. Da aka ƙidaya, wadda ta fi kowace yawa a ciki ita ce 123456. Ɓarawo ba ya shan wahala da irin wannan.

Ta biyu ita ce fasa rumbun kamfani. Ko da kalmarka mai wuya ce, akwai alamarta a wurin kamfani, in an fasa can an taɓa ka. A 2013 aka shiga rumbun Yahoo, kuma a 2017 kamfanin ya bayyana cewa abin ya shafi dukan asusunsa, biliyan 3, watau miliyan dubu 3. Abin da ke ƙara ɓarna shi ne mutum ya yi amfani da kalma ɗaya a wuri biyar. In aka same ta a wuri guda, sai a bi sauran ƙofofin huɗu ana gwadawa.

Ta uku ita ce yaudara, ita ce kuwa ta fi cin mutanenmu. A aiko maka da saƙo cewa an rufe asusunka, ko ka ci kyauta, ko gwamnati tana rabon tallafi, ka danna nan. In ka danna sai ga shafi mai kama da na gaske, launi ɗaya, tambari ɗaya. Ka rubuta kalmarka da hannunka, ta faɗa aljihun ɓarawo. Lambar nan da ake aikowa ta saƙon waya don ƙarin tsaro tana da amfani, amma ita ma ana karanta ta da baki, kamar yadda muka gani ga dillalinmu. Wani lokaci ma layin wayar ake sacewa, a je a yi sabon sim da sunan mai shi, lambobin su riƙa zuwa wayar ɓarawo.

Ma'ajin kalmomin sirri

Maganin fari da aka samo shi ne ma'aji. Manhaja ce da ke zaune a waya ko kwamfuta, aikinta kamar na ma'ajin baitulmali ne. Ita ke ƙirƙiro maka kalma mai tsawo, mai wuyar cinta, kowace ƙofa da tata daban. Ita ke adana su a kulle, ita kuma ke rubuta su sa'ad da za ka shiga. Kai abu ɗaya kurum za ka riƙe a ka, watau babbar kalma wadda ke buɗe ma'ajin kansa.

Da yawanmu muna da ma'aji ba mu sani ba. Wayar Android tana zuwa da na Google, iPhone kuma tana zuwa da na Apple. In ka taɓa ganin waya ta tambaye ka ko ta adana maka kalmar sirri, to, ma'ajin ne ke magana. Akwai kuma na waɗansu kamfanoni daban, kamar Bitwarden da 1Password da Dashlane da Proton Pass. Waɗansu kyauta ne, waɗansu ana biya.

Ma'aji ya toshe hanyar cinta, ya kuma hana maimaita kalma ɗaya a wurare da yawa. Amma abu biyu suka rage. Na ɗaya, har yanzu kalma ce, mai ita yana iya buɗe ma'aji ya duba ta, ya karanta wa mai yaudara. Na biyu, dukiya ta taru a ɗaki ɗaya. A 2022 ɓarayi suka shiga kamfanin LastPass, wanda shi ma ma'aji ne, suka kwafe akwatunan mutane. Akwatunan a kulle suke, amma duk wanda babbar kalmarsa mai rauni ce ya shiga haɗari, gama ɓarayin suna da lokacin zama su yi ta gwaji.

Sabon mabuɗi

Dabarar da aka gina sabon mabuɗin a kanta ba ta jiya ba ce. A 1976 waɗansu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka bayyana wata hanya ta lissafi. A wannan hanya ana yin lambobi biyu masu tsawon gaske waɗanda suka dace da juna. Ɗaya ana iya nuna wa duniya, ɗaya kuwa ana ɓoyewa. Wanda ya san ta fili ba zai iya lissafo ta ɓoye ba.

A 2012 waɗansu kamfanoni suka kafa ƙungiya mai suna FIDO don a rage dogara ga kalmar sirri. A watan Maris na 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idodin shafukan intanet, watau W3C, ta tabbatar da ƙa'idar wannan aiki. Ran 5 ga Mayu 2022 kuma Apple da Google da Microsoft suka yi shela tare cewa za su sa abin a wayoyinsu da kwamfutocinsu. Turawa suna kiransa faski. Mu a nan za mu riƙa ce masa mabuɗin waya.

Daga nan abu ya bazu. Google ya buɗe shi ga masu asusunsa a Mayu 2023. WhatsApp ya kawo shi wayoyin Android a Oktoba 2023, ya kai iPhone a Afrilu 2024. A Mayu 2025 Microsoft ya ce sababbin asusunsa za su riƙa buɗuwa ba tare da kalmar sirri ba. Facebook ya bi sahu a Yuni 2025.

Yadda yake aiki

Ka ɗauka kwado ne da mabuɗinsa. Ran da ka ce kana so, wayarka za ta ƙera su biyu nan take. Sai ta aika wa kamfani kwadon, ta riƙe mabuɗin. Kowane kamfani da nasa kwado da nasa mabuɗi, na Google daban, na WhatsApp daban. In an fasa rumbun kamfani, kwaduna kurum za a tarar. Wanda ya saci kwado kuwa bai sami abin buɗe ƙofa ba.

To, yaya kamfanin da ke nesa zai tabbata mabuɗi yana hannunka, alhali ba ka aika masa ba? A nan sai mu tuna da hatimin sarki. Sarki ba ya aika hatiminsa ga hakimi. Takarda yake bugawa, hakimi ya ga alama ya san daga fada ta fito. Haka abin yake. Duk sa'ad da za ka shiga, kamfani zai aiko wa wayarka wata 'yar takarda mai lambobi, sabuwa fil, wadda ba a taɓa aikowa ba. Waya ta ce ka sa yatsa, ko ka nuna fuska, ko ka buga lambar da kake buɗe ta da ita. In ka yi, sai ta buga wa takardar hatimi da mabuɗin nan, ta mayar. Kamfani ya gwada hatimin da kwadon da ke wurinsa, in sun dace ya buɗe maka. Duk wannan ba ya wuce ƙiftawar ido biyu ko uku.

Wannan hatimi ya fi na sarki da abu ɗaya. Alamarsa tana sakewa bisa ga abin da ke cikin takarda. Saboda haka ko wani ya tare hanya ya kwafi alamar yau, ba za ta yi masa aiki gobe ba, gama takardar gobe daban ce.

Ga kuma babban amfaninsa. Kowane mabuɗi an ɗaure shi da adireshin shafin da aka yi shi dominsa. Idon mutum yana ruɗuwa da launi da tambari, amma waya adireshi take dubawa, harafi bayan harafi. In shafin na jabu ne, ba za ta fito da mabuɗin ba sam. Kuma in mai yaudara ya ce ka karanto masa, babu abin karantawa, don kai kanka ba ka taɓa ganin lambar ba.

An gwada irin wannan dabara tun kafin ta zo wayoyi. A farkon 2017 Google ya sa ma'aikatansa fiye da 85,000 su riƙa shiga da wani ɗan mabuɗi da ake soka wa kwamfuta, mai aiki da wannan lissafi. A 2018 kamfanin ya ce tun daga lokacin ba a sami wanda aka ƙwace wa asusun aiki ta hanyar yaudara ba.

Ina yatsana yake zuwa?

Mutane da yawa suna wannan tambaya, kuma tana kan hanya. Sa'ad da aka fara BVN a Nijeriya a 2014, mun je banki an ɗauki zanen yatsunmu da hotonmu, an adana a can, aka ba kowa lamba 11. To, na mabuɗin waya ba haka yake ba. Zanen yatsanka yana zaune cikin wayarka, ba a aika wa Google ko Facebook ko WhatsApp. Aikin yatsa kurum ya shaida wa wayar cewa mai ita ne ya zo, ita kuma ta buga hatimi. Abin da ke isa kamfani hatimin ne kaɗai.

Manomi da maƙeri da mai wanki sun san wani lokaci yatsa yakan goge, ko ya tsage da hunturu, waya ta ƙi gane shi. Wannan ba ya hana aiki. Lambar buɗe waya tana tsayawa a madadin yatsa. Amma ku riƙe wannan magana da kyau, za mu komo kanta.

Ina ake ajiye mabuɗan?

A nan ma'aji ya sake shigowa. Da a ce mabuɗi a cikin waya guda kaɗai yake, da ran da ta faɗa rijiya an yi asara duka. Saboda haka ma'aji ke adana mabuɗan kamar yadda yake adana kalmomi. Yana kulle su tun a cikin wayarka kafin ya ajiye kwafinsu a rumbunsa, ta yadda kamfanin ma'ajin kansa ba ya iya karanta su. In ka sayi sabuwar waya ka shiga ma'ajinka, sai mabuɗanka su biyo ka.

Na Google yana aiki a wayar da ke da Android 9 ko sama da haka, na Apple kuma daga iOS 16. Sauran ma'ajiyoyi ma sun karɓi aikin. Dashlane ya fara a 2022, 1Password a Satumba 2023, Bitwarden a Nuwamba 2023. Wanda ke son ya ajiye mabuɗansa a irin waɗannan a wayar Android, sai tana da Android 14 ko sama. Amfaninsu shi ne ba su damu da irin na'urarka ba. Mai Android a aljihu da kwamfutar wani kamfani a ofis yana iya samun mabuɗansa a duka biyun.

Har ila yau, waɗansu ma'ajiyoyin sun fara barin mutum ya buɗe ma'ajin kansa da mabuɗi maimakon babbar kalma. Bitwarden ya fara gwada haka a Janairu 2024. Wannan yana rage haɗarin babbar kalma mai rauni, irin wanda muka gani a labarin 2022.

In kuwa ka je shagon kwamfuta, ko ka ari ta wani, ba sai ka bar komai a cikinta ba. Kwamfutar za ta nuna wani zane mai murabba'i, ka haska shi da kyamarar wayarka, ka sa yatsa, ƙofa ta buɗe. Tilas wayar ta kasance kusa da kwamfutar, gama suna jin juna ta Bluetooth. Da ka gama sai ka tuna ka fita daga asusun kafin ka tashi.

Inda haɗari ya koma

'Yan'uwa, kada wani ya ce muku an gama da ɓarayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango yana da wurare uku da ya kamata a riƙa dubawa.

Na fari, lambar buɗe waya. Mun ce tana tsayawa a madadin yatsa. Ashe ke nan duk wanda ya riƙe wayarka, ya kuma san lambar, ya riƙe mabuɗanka duka. A da mukan ɗauki lambar nan abin wasa, mu sa 1234 ko 0000, mu gaya wa yara don su yi kallo. Yanzu ta zama mabuɗin babban ɗaki. Masu ƙwacen waya sun san haka, shi ya sa wani yakan tsaya bayanka a tasha yana kallon yatsunka kafin ya fizge. Haka kuma in wayar ta gida ce, an sa yatsan mutum uku a ciki, to, su ukun nan kowa yana iya shiga.

Na biyu, tsohuwar ƙofa. Galibin kamfanoni ba su toshe ta ba. Ko ka yi mabuɗin waya, kalmar sirri tana nan, lambar saƙo ma tana nan, don wanda wayarsa ta ɓace ya sami hanyar komawa. Ɓarawo kuwa ƙofar da ta fi rauni yake nema. Mu koma ga dillalinmu na Dawanau. Ko da ya yi sabon mabuɗi, in ya karanta wa baƙo lambar da aka aiko masa, yana iya rasa WhatsApp ɗinsa. Abin da zai ƙara masa tsaro shi ne ya kama bakinsa, ya kuma sa lambar tabbatarwa ta biyu wadda WhatsApp ke bari mutum ya zaɓa da kansa.

Na uku, ba ko'ina abin ya kai ba. Ƙaramar waya mai maɓallai ba ta yinsa. Lambar katin ATM da lambar da kake bugawa in za ka aika kuɗi ta ƙaramar waya suna nan yadda suke, asiri ne da ake riƙewa a ka. Kada ka faɗa wa mai POS, kada ka faɗa wa wanda ya kira ya ce daga banki yake. Banki ba ya tambayar wannan lamba. Kuma ba kowace manhaja mai karɓar yatsa ce ke aiki da sabon mabuɗi ba. Wata kalmar sirri ce kurum ta ɓoye a bayan yatsan.

Ran da waya ta ɓace

Wannan ita ce ranar da ya kamata a yi wa shiri tun yau. Da yawanmu ran da muka sayi waya, yaron shago ne ya buɗe mana asusun Google. Shi ya zaɓi suna, shi ya zaɓi kalma, muka karɓi waya muka tafi. Shekara uku mutum yana aiki da ita bai san sunan asusunsa ba. To, ma'ajinka a cikin wannan asusu yake. In waya ta ɓace ba ka san shi ba, mabuɗanka suna nan a ajiye amma ba ka da hanyar zuwa wurinsu. Yaron shagon kuwa, in mai mugun hali ne, ya san abin da kai ba ka sani ba.

Saboda haka ka nemi sunan asusunka yau. Ka sake kalmarsa da hannunka. Ka tabbata lambar wayar da ke jikinsa taka ce, kuma layin da sunanka aka yi masa rajista. Ka rubuta sunan asusun da kalmar a takarda, ka sa inda kake ajiye takardar gona ko ta gida. Kada ka ajiye ta a cikin rigar wayar. In ma'ajinka ya ba ka wata doguwar lamba ta ceto, ita ma ka rubuta ta a wannan takarda. Kada kuma ka manta da lambar buɗe tsohuwar wayar, gama sabuwar tana iya tambayarka ita kafin ta saki mabuɗanka.

In an sace waya, kada ka kwana. Ka sa kamfanin layi ya rufe sim, ka sanar da banki, sa'an nan ka shiga asusunka ta wata na'ura ka fitar da wayar da aka sace daga ciki. In kuwa sayar da waya za ka yi, ko kyauta za ka bayar, ka fita daga asusunka, ka goge ta sarai ta koma kamar sabuwa.

Abin da za ka yi a wannan mako

1. Ka sa wa wayarka lambar buɗewa mai lamba 6 ko fiye. Kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Ka riƙa kare ta da hannu a cikin jama'a.

2. Ka duba yatsun da aka sa a wayar. In akwai na wanda bai kamata ba, ka cire.

3. Ka san sunan asusunka da kalmarsa, ka rubuta, ka adana a gida.

4. Ka shiga wurin saituna na Google da na WhatsApp, ka nemi sashen tsaro ko na asusu, ka yi mabuɗin waya. In kana bukatar taimako, ka nemi wanda ka amince da shi ya nuna maka, amma wayar tana hannunka, kai ke dannawa.

5. Wuraren da ba su karɓi sabon mabuɗi ba tukuna, ka bar ma'aji ya yi musu kalma mai wuya, kowanne da tasa.

6. Duk lambar da ta shigo wayarka, taka ce kai kaɗai. Ko wa ya tambaya, ko da ya san sunanka da na mahaifinka, ka ce a'a, ka kashe waya.

Wanda ya koyi wannan, ya koya wa matarsa da iyayensa da maƙwabcinsa, gama su ne ɓarawo zai nema da sunanka in ya shiga. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da dukiyarmu daga hannun azzalumai, amin.

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi uku ne ɓarawo ke bi ya sami kalmar sirri?

2. Mene ne aikin ma'aji?

3. Tsakanin kwado da mabuɗi, wanne ke wurin kamfani, wanne ke cikin waya?

4. Don me shafin jabu ba ya iya karɓar mabuɗin waya?

5. Wani ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka. Me za ka ce masa?

6. Ka san sunan asusun da ke cikin wayarka? Rubuta shi a gida, kada ka nuna wa kowa a aji.